Irin da Maude Bai Kushe Ba

Duk wanda ya san kasuwar Batsari shekara goma da suka wuce ya san tsumman Maude. Maude mai sayar da iri ne da taki da maganin feshi, shagonsa na kusa da layin 'yan hatsi. Ba shi da lasifika, ba ya biyan sankira, bai taɓa buga ko takarda ɗaya ta talla ba. Da zarar sabon iri ya iso sai ya ɗebi kaɗan ya kai gida, matarsa Suwaiba ta zaɓi ƙwaya ashirin ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a gindin randa inda ke da sanyi. Bayan kwana biyar a warware. Ranar kasuwa Maude ya shimfiɗa tsumman a kan faifai a ƙofar shago, kowa ya tsuguna ya duba tsiron da idonsa. In duka sun fito, ka gani. In rabi ne, ka gani, kuma Maude da bakinsa zai ce maka, "Wannan bai yi ba, dubi wancan." Gani ya kori ji. Da wannan tsumma kaɗai ya yi sunan da har mutanen Runka da Zakka suke tsallake shaguna da yawa su zo wurinsa.

Shekara uku ke nan wani kamfanin iri ya shigo yankin yana neman wakilai. Tsarinsu shi ne shago naka, amma suna nasu, fenti nasu, kaya nasu. Duk inda ka ga koren shago da hoton masara a allonsa, a Batsari ne ko a Safana, abu ɗaya ne a ciki. Maude suka fara nema, don sun tambaya an gaya musu wanda manoma suka yarda da shi. Shi kuwa, gaskiya, abin ya yi masa daɗi. Mota za ta riƙa kawo masa kaya har ƙofa, ya huta da bin hanyar Katsina da fargabarta, ga allo mai sheƙi, ga kujerun roba, ga sunan gidansa a rediyo.

Yarjejeniyar shafi goma sha huɗu ce ta Turanci. Almustapha, jami'in kamfani mai kula da shagunan yankin, shi ya zauna ya fassara masa ita. Wani saurayi ne mai ladabi, ba ya shiga shagon sai ya yi sallama ya rusuna. Bai ɓoye masa komai ba, wannan kam a yaba masa. Ya gaya masa akwai sharuɗɗa biyu da kamfani ba ya wasa da su. Na farko, babu wata talla da wakili zai yi sai wadda aka aiko masa daga ofis. Na biyu, wakili ba zai faɗi wata magana da za ta zubar da darajar kamfani ko kayansa ba, ko ga mai saye, ko a waya, ko a majalisa. Maude ya yi dariya ya ce wa zai kushe abin da yake ci da shi? Ya sa hannu.

Ranar kasuwa ta farko bayan fenti ya bushe, Almustapha ya iso ya tarar da faifai a ƙofa, mutane sun kewaye shi.

"Malam Maude, wannan fa talla ce," ya ce da shi a hankali bayan sun keɓe.

"Tsumman?"

"Shi. In ya yi kyau talla ce da ba a amince da ita ba. In bai yi kyau ba kuma ka kushe kaya. Ko ta ina aka duba ya taɓa yarjejeniya. Ka yi haƙuri."

Maude ya ɗauke faifan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma a gida Suwaiba ba ta sa hannu a takardar kowa ba, don haka ta ci gaba da naɗe irinta a gindin randa. Shekara biyu tsumma yana fitowa cike da tsiro, Maude yana dubawa yana murmushi, ya ce ai ka gani, kamfanin ƙwarai ne.

A bana ne abin ya juya. Cikin kayan da aka kawo gab da faɗuwar damina akwai wata masara mai saurin nuna, wadda rediyo yake ta kira 'yar kwana tamanin. Da Suwaiba ta warware tsummanta, ƙwaya huɗu ne suka tsira, sauran sun kumbura sun yi baƙi suna wari. Ta sake ɗibar wani daga wani buhun. Biyar.

"Baban Rahma, irin nan matacce ne," ta ce da shi, tana miƙa masa tsumman. "Ko ruwa ya taɓa shi a sito, ko tsoho ne aka sake wa buhu. Kada ka bari ya shiga gonar kowa."

Ya kira Almustapha a waya. Almustapha ya ce zai kai rahoto, za a turo masu bincike, a jira. Daga nan ya rage murya.

"Malam Maude, don Allah ka riƙe bakinka. Wani wakilinmu ya yi irin wannan magana a waya ta yaɗu, kwana uku aka je aka cire allo aka kwashe kaya. Ni aka tura. Ba na so a turo ni wurinka."

Maude ya ja buhunan zuwa can ƙuryar shago ya rufe su da leda. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don ya san wani zai zo ya tambaya. Sai ya yi abin da mutumin kirki yake yi in abu ya shige masa duhu, ya tafi wurin malami. Bayan la'asar ya sami Malam Abdulmuhaimin, limamin unguwarsu, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar makarantarsa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, aka yi addu'ar samun lafiyar gari.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Mutum ne ya yi alkawari, har da sa hannu, cewa ba zai faɗi aibin wasu mutane ba. Daga baya sai ya ga wani aibi a tare da su. Shin ya karya alkawarin ya faɗa, ko ya kame bakinsa?"

Malam ya ce ai wannan ba ta da wuya. Alkawari kaya ne, kuma faɗin aibin mutum a bayan idonsa giba ce ko da babu alkawari, balle da shi. Ya kame bakinsa, Allah zai ba shi ladan suturta ɗan'uwansa.

Maude ya yi godiya ya tashi. To, a nan ne ni abin yake ba ni haushi. Maude ba jahili ba ne. Ya san bai ambaci iri ba, bai ambaci ciniki ba, bai ambaci manomin da zai shuka ba. Tun a hanya ya sassaƙa tambayar, ya cire mata duk inda zai soke shi, ya kai wa bawan Allah ita sumul, ya karɓo amsar da ya tafi nema. Ya dawo gida yana jin nauyi ya ragu. Da Suwaiba ta tambaye shi me ya yanke, sai ya ce ya yi fatawa, Malam ya ce a yi shiru. Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kasuwa biyu bayan haka Ya'u ya sauka daga a-kori-kura ta Zakka. Ya'u ɗan kawun Maude ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yara har yau da furfura ba su gama gardamar wane ne bawan wani ba. A da Ya'u yana da gonaki uku da shanun huɗa. Biyu daga gonakin suna can cikin daji inda yanzu ba mai zuwa saboda 'yan bindiga, shanun kuma an kora su bara. Abin da ya rage masa ita ce gonar bayan gari, wadda ya gada wurin mahaifinsa, inda daga cikinta kana jin kiran sallar masallacin Zakka. Da ita kaɗai zai ciyar da mutum tara.

"Ina bawan nan nawa? Tashi ka ba ubangidanka kujera!" in ji Ya'u tun daga ƙofa.

"Wa ya bar wannan baƙauyen ya shigo gari ba wanka?" in ji Maude, yana jawo masa kujerar.

Suka gaisa sosai, Ya'u ya sha ruwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. 'Yar kwana tamanin yake so. Ya ji ta a rediyo. Rumbunsa ya kusa ƙasa, in ya shuka ta da ruwan fari, kafin yunwar tsakiyar damina ta kama yara ya fara karya.

Maude ya ce, "Me zai hana ka sa gero bana? Gero ba ya ba da kunya."

"Gero shina da wata uku da ɗori kafin in ci. Ni mai sauri nika so. Babu ne?"

Da Maude ya ce babu a lokacin, da wataƙila labarin ya canza. Amma idon Ya'u ya riga ya kai ƙurya, inda leda ta zame hoton masara ya leƙo.

"Ga ta can kana ɓoyo, ɗan baƙin ciki! Wa kake aje ma ita? Ina tsumman naka in gani?"

"Kamfani ya hana tsumma."

"To mi za ni yi da tsumma, ga ka? Kai dai gaya mani, tana da kyau?"

Shago ba kowa sai su biyu. Ba Almustapha, ba wani mai kai rahoto. Kalma uku ta isa, Ya'u kuma ba mai yawo da magana ba ne. Maude ya buɗe baki, sai ya ga allon nan ana sauke shi, ya ga 'yan layin hatsi sun fito kallo, ya tuna kuma ai ya yi fatawa.

"Kamfani ya ce mai kyau ce," ya ce.

"Shi ke nan. Ɗauko."

Maude da hannunsa ya ɗaure masa buhun, har ya raka shi tasha. A hanyar dawowa ya riƙa gaya wa kansa cewa tsumma ba gona ba ne, ƙasa tana da nata sirrin, mai yiwuwa a can ya fito.

Bai fito ba. Ruwa ya sauka mai kyau, Ya'u da iyalinsa suka shuke gonar kaf a kwana biyu. Bayan mako guda gonakin maƙwabta suka yi kore, tasa kuwa tsiro ɗaya nan, ɗaya can, kamar haƙoran tsohuwa. Ya sake hawowa mota ya zo Batsari. Wannan karon bai yi wasan bawa ba sai sama-sama.

"Ina jin tsuntsaye ne ko gara suka cinye," ya ce. "Ba ni wani in maimaita tun ruwa bai yi nisa ba."

"Ta ƙare," in ji Maude da sauri. A wannan karon ya riga ya kai buhunan bayan kantar shagon inda ido ba ya kaiwa. Ya ji daɗin ƙaryar nan ƙwarai, har yana ganin ya ceci ɗan'uwansa ba tare da ya taɓa yarjejeniya ba. Ya sake kawo zancen gero da dawa. Ya'u ya ce zai duba, ya yi sallama.

Abin da Maude bai lissafa ba shi ne, a hanyar komawa Zakka ana bi ta Safana, kuma a bakin tashar Safana akwai koren shago, da allo iri ɗaya, da hoton masara iri ɗaya. Ya'u ya shiga ya ce a ba shi irin na Maude. Aka ba shi. Mota ɗaya ce ta sauke wa shagunan biyu kaya a rana ɗaya.

Duk wannan Maude bai sani ba sai bayan wata guda da rabi. A tsakanin, motar kamfani ta zo ta kwashe ragowar buhunan 'yar kwana tamanin ba tare da an ce uffan ba, rediyo kuma ya koma tallar maganin feshi. Almustapha ya gode masa da haƙurin da ya yi. Maude ya ɗauka magana ta wuce.

Suwaiba ce ta kawo labarin, daga wani suna da ta je inda ta haɗu da matar Ya'u. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kansa.

"Baban Rahma, Ya'u ya sayar da gonar Kawu."

"Wace gona?"

"Gona nawa gare shi? Ta bayan gari. Sau biyu ya shuka irinku bai fito ba. Mutane suka ce masa iri ne, ya ce ƙarya suke, shi daga hannun Maude ya karɓa, Maude kuwa ba ya sayar da mataccen iri. Har faɗa ya yi da wani a majalisa a kanka. Ya ce tun da ba iri ba ne, to ƙasa ce ta gaji. Gida ba abinci, lokacin shuka ya wuce, sai ya sakar wa Sammani mai shagon gari ita a yadda ya taya." Sai a sannan ta cire mayafin. "Na ce maka kada ka bari ya shiga gonar kowa."

Maude bai iya cin tuwon ranar ba. Washegari da hantsi ya koma ƙarƙashin darbejiya, ya zauna a ƙasa, ya yi wa Malam Abdulmuhaimin tambayar da ya kamata ya yi tun farko, da iri, da tsumma, da Ya'u, da komai. Malam ya ajiye littafin da ke hannunsa. Mutum ne mai sanyi, amma ranar fuskarsa ta canza.

"Ba haka ka tambaye ni ba, Maude."

"Ba haka ba ne, Allah gafarta Malam."

"Ka ce mini aibin mutane. Wannan aibin haja ne. Ɓoye aibin abin sayarwa algus ne, ko yaron da ya fara karatu ya san haka, kuma babu alkawarin da yake halatta shi. Ka zo ka ari bakina ka ci albasa da shi." Sannan ya ce, "Ni na yafe nawa. Amma ba ni ka cuta ba. Ka san inda za ka."

Ya sani, amma sai da ya yi mako uku yana ɗagawa. Yau hanya ba lafiya, gobe kasuwa, jibi kaya za su iso. A ƙarshe wata Talata da safe ya rufe koren shagon, ya hau babur ya kama hanyar Zakka.

A gida aka ce masa Ya'u yana gona. Ya ce wace gona kuma? Aka ce ta bayan gari. Maude ya san hanyar tun yana yaro, lokacin da ake kawo shi hutu wurin kawunsa. Ya bi ta bayan masallaci, ya wuce tsamiyar da ke kan iyaka, sai ya tsaya cak. Gonar ta rufe da wake, kore shar, ya yi yaɗo har ba ka ganin ƙasa, ga fure ya fara. Sammani ya shuka shi a makare, amma ya kama kamar an roƙa. A tsakiya mutum huɗu suna duƙe suna cirar ciyawa, 'yan ƙwadago. Na ƙarshensu ya miƙe ya dafa ƙugu, ya kare ido da hannu. Ya'u ne.

Ya taho yana murmushi, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Suka gaisa a gindin tsamiya. Ya tambayi Suwaiba, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya ya nuna gonar da haɓa.

"Ka ga ikon Allah? Na ce ta mutu, ashe lafiyarta lau. Ni ta ƙi, Maude. Kullum in na duƙa cikinta sai in yi ta tunani, mi na yi ma Baba da gonarshi za ta ƙi ni ta karɓi wani? Ko akwai haƙƙin da na ci ban sani ba? Har sadaka na yi."

Wannan ita ce maganar da Maude bai shirya mata ba. Ya zo da shirin a zage shi, ko a kai shi gaban mai gari. Bai san mutumin ya yi wata biyu yana tuhumar kansa ba.

"Ba kai ba ne, Ya'u. Ba gona ba ce. Irin ne. Matacce ne, na shagona da na Safana duka."

Ya'u ya dube shi. "Kai ma sun cuce ka ke nan. Allah ya isa. Yaushe ka gane?"

Ga ƙofa a buɗe, Ya'u da kansa ya buɗe masa ita. Maude ya ga yadda zai bi ta cikinta ya fita da mutuncinsa. Amma bai bi ba.

"Kafin ka saya. Suwaiba ta gwada sau biyu. Na sa hannu a takardar da ta ce ba zan kushe kayansu ba, na ji tsoron a cire mini allo."

Ya'u ya dubi Maude, ya dubi tsamiyar, ya dubi waken har ƙarshen gona. Maude ya shiga magana da sauri, zai je wurin Sammani, zai roƙe shi, zai sayar da babur, zai bar kamfanin, zai faɗa a masallacin Juma'a kowa ya ji.

"Sammani ba zai saki ba," in ji Ya'u a hankali. "Kai in kai ne ka ga wannan waken za ka saki?"

"Ka yafe mini, don Allah."

"Ranar da na zo, mu biyu ne a shagon, Maude. Na duba. Ba kowa."

Daga can gefen gona wani ya ɗaga murya yana kiran sunan Ya'u. Ya'u ya sunkuya ya karkaɗe ƙasar da ke gwiwar wandonsa.

"Ka kama hanya tun da rana, ba a yin yamma a hanyar nan," ya ce. "Bari in koma. Mai gona shina kallo."